Kundin Aikin Tsumma: Neman Hanyar Mayar da Tsohuwar Riga Sabon Zare

6 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe wannan kundi, kuma a cikinsa za a riƙa rubuta duk abin da aka gwada, wanda ya yi da wanda ya ƙi. Aikin guda ne: a karɓi tufafin da suka mutu, waɗanda ba mai iya sa su kuma, da ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin teburin yanka na maɗinka, a ga iya inda za a kai su kafin a ce sai bola. Babban burinmu zare ne, wato tsohuwar riga ta koma abin da za a saƙa sabon yadi da shi. Mu kaɗan ne: akwai tela, akwai wani dattijo masaƙi, akwai wata baiwar Allah da ta ƙware a kaɗi, da malamin sinadarai da ya yarda zai riƙa duba mana samfur a ɗakin gwaji. Ni kuma sikeli da alƙalami ne a hannuna.

Rahoton da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya kusa ninkawa tsakanin 2000 da 2015, har ya haura guda biliyan 100 a shekara, alhali sawar da ake yi wa kowace riga kafin a yar da ita raguwa ta yi. Kashi 73 cikin 100 na kayan da aka gama da su binnewa ake yi ko ƙonewa. Abin da ke komawa sabuwar tufa kuwa bai kai kashi 1 ba. Wannan kashi ɗayan ne ya tsaya mini a rai. Ina so in gani da hannuna me ya sa ya ƙi ƙaruwa.

Mun fara a makon da abubuwa biyu suka faru. Gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar Kantamanto a Akra, babban birnin Gana, kasuwar gwanjon da ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga cikinta duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a matsayin shara suke fita. Dubban mutanen da ke gyara tufa da rina ta da sake ɗinka ta sun rasa jarinsu a dare ɗaya. Allah ya mayar musu da alheri. A Tarayyar Turai kuma, daga 1 ga wannan wata ya zama dole kowace ƙasa ta riƙa tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara.

Doka ɗaya muka kafa wa kanmu: rigar da za ta saku ba za ta ga almakashi ba. A wanke ta, a gyara, a ba mai bukata.

25 ga Janairu

Kayan da ke shigowa iri biyu ne, kuma tun yanzu mun raba musu wuri. Ƙyallen maɗinka sabo ne, ba a taɓa wanke shi ba, babu zif babu maɓalli, kuma sau da yawa telan ya san irin yadin da ya yanka. Tsohuwar tufa kuwa ta sha wanki da rana da guga, ga datti, ga ƙarfe, kuma ba wanda zai gaya maka asalinta.

Abin da ya fi ɓata kaya danshi ne. Riga ɗaya jiƙaƙƙiya a cikin buhu ta isa ta sa fumfuna ta kama duk na kusa da ita, kuma auduga in ta yi fumfuna silinta ya riga ya ruɓe, ko an wanke ba ya dawowa. Mun ɗaga buhuna a kan katako, mun kuma roƙi masu kawo mana kaya su shanya tukuna. Duk abin da mai ko fenti ya jiƙa ba ma karɓa.

15 ga Fabrairu

Mun ɗauka injin yaga tsumma ne zai fi ba mu wuya, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ke cinye mana yini ita ce: wannan yadin da me aka yi shi?

Farko muna duba ɗan lebul ɗin da ake ɗinkawa a wuya ko a gefen riga. A tsohuwar tufa galibi an cire shi, ko wanki ya goge rubutun. Inda yake ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Wani bincike da ƙungiyar Circle Economy ta yi a ƙasar Holan a kan dubban tufafi ya gano cewa kashi 41 cikin 100 na lebul ba su dace da abin da ke cikin yadin ba. Saboda haka sai mu koma ga wuta. Ana zare sili kaɗan daga gefen ɗinki, a kama da hantsaki, a kai bakin harshen kyandir, da kwanon ruwa a kusa. Auduga tana kamawa nan take, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu ba ya son ci, warinsa na ƙonannen gashi ne, abin da ya rage kuma yana murmushewa a yatsa. Foliyesta, wato yadin roba, tana noƙewa daga wutar, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta dunƙule ta yi tauri. Akirilik, wanda ake saƙa yawancin rigunan sanyi masu kama da ulu da shi, ci yake yi bal-bal yana ɗiga, don haka a kiyaye hannu.

Gwajin yana aiki muddin yadin iri ɗaya ne. Gauraye shi ne matsala: sai ka ji warin takarda kuma ka ga dunƙulen roba, amma wuta ba za ta gaya maka nawa ne auduga nawa ne foliyesta ba. Haka kuma ba ta bambanta auduga da biskos, wani yadi da ake yi a masana'anta, tunda dukansu selulos ne, wato sinadarin jikin tsiro, ɗaya daga gona, ɗaya daga ɓargon itace. Malaminmu na sinadarai yana da hanyarsa a ɗakin gwaji: ya auna busasshen ƙyalle, ya jiƙa shi a ruwan asid na salfa mai ƙarfin kashi 75 cikin 100, audugar ta narke, foliyestar ta rage, ya wanke ya busar ya sake aunawa. Amsa ce tabbatacciya, sai dai ba wanda zai yi wa kowace riga haka.

Manyan wurare da haske suke aiki. Na'ura tana haska yadi da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, kowane irin zare kuma da yadda yake mayar da hasken, sai iska mai ƙarfi ta hura rigar zuwa kwandonta. Masana'antar Siptex da aka buɗe a birnin Malmo na Suwidin a 2020 an tsara ta ne ta tantance tan 24,000 a shekara ta wannan hanya. Amma ita ma na'urar saman yadi kawai take gani. Kwat mai shafi tana ruɗa ta, wasu baƙaƙen rini suna shanye hasken, zaren roba mai talewa kaɗan da aka naɗe da auduga kuma yakan wuce ba ta lura ba.

Yanzu kwandunanmu huɗu: auduga zalla, ulu, roba zalla, sai gauraye. Na gauraye ne ya fi saurin cika, nesa ba kusa ba.

8 ga Maris

Makonnin nan aikin almakashi ne. Kafin tsumma ya shiga inji sai an cire zif, maɓallai, ƙusoshin aljihun wandon jins, robar ƙugu, da hoton roba da ake mannawa a gaban riga. Ƙarfe ɗaya in ya kuɓuce zai iya karya haƙoran inji, ko ya yi tartsatsi a cikin busasshiyar auduga, wanda shi ne abin da muka fi tsoro.

Telanmu ya nuna mana wani abin da ido ba ya kaiwa: ko rigar auduga ce zalla, zaren da aka ɗinka ta da shi kusan kullum foliyesta ne, don ya fi ƙarfi a keken ɗinki. Ke nan in ana son auduga mai tsabta sai an yanke duk layin ɗinki an ajiye gefe. A wandon jins abin da ke tafiya ta nan ba kaɗan ba ne. Wani kamfani a Beljiyam mai suna Resortecs ya ƙera zaren ɗinki da ke narkewa in an sa tufar a tanda mai zafi, sai rigar ta warware da kanta, zif ya faɗo. Dabarar ta burge ni ƙwarai, amma sai masu ɗinka tufa sun yarda sun yi amfani da shi tun farko. Mu da ke ƙarshen hanya, abin da aka riga aka ɗinka shi muke samu.

5 ga Afrilu

Injin ya fara aiki. Ƙarami ne: ganga mai haƙoran ƙarfe tana juyawa, ana tura mata yankakken tsumma tana tsefe shi har ya koma kamar audugar da aka shiɓa. Ranar farko duk mun tsaya muna kallon abin da ke fita ta ɗaya bakin, kowa na son ya taɓa.

Da mai kaɗinmu ta ɗauka ta ja tsakanin yatsunta, sai ta girgiza kai. Silin ya yi gajere. Silin audugar gona mai kyau yakan kai santimita 2 da rabi zuwa 3, kuma tsawon nan ne ke sa ya riƙe ɗan'uwansa in an murɗa. Haƙoran inji suna tsinka shi, tsohuwar tufa kuma dama wanki ya riga ya raunana ta. Mun lura da abubuwa uku. Yadin da aka saƙa da allura, irin na rigar tishat, ya fi warwarewa cikin sauƙi fiye da mai matsattsiyar saƙa irin jins. Ƙyallen maɗinka ya fi tsohuwar tufa ba da dogon sili. Kuma in an yayyafa wa tsumman ɗan ruwa aka bar shi ya kwana, aka rage gudun ganga, tsinkewar tana raguwa, ƙura ma haka.

Maganar ƙura ba ta wasa ba ce. Ƙurar auduga tana jawo ciwon huhu da aka daɗe da sani a masaƙu, mai sa ƙirji ya riƙe, numfashi ya yi wuya. Ba mai shiga ɗakin injin ba takunkumi, kuma mun sa fanka mai jan iska waje.

Wannan sana'a tsohuwa ce. A 1813 wani mutum mai suna Benjamin Law a garin Batley na Ingila ya fara yaga tsumman ulu yana haɗawa da sabo yana yin yadi, har garuruwan yankin suka rayu a kan haka shekaru masu yawa. Birnin Prato na Italiya tun ƙarni na 19 yake wannan aiki, kuma har yau ƙwararrun masu tantancewa a can da taɓawa suke gane irin ulu. In auduga ta gauraya da ulun, suna bi da shi ta turirin asid wanda ke mayar da audugar gari ya bar ulun lafiya. A Panipat ta Indiya kuma tsofaffin rigunan sanyi daga ƙasashen duniya ake mayarwa barguna, ciki har da irin waɗanda ake raba wa mutanen da bala'i ya raba da gidajensu. Abin lura shi ne duk wuraren nan da ulu suka yi suna. Silin ulu dogo ne, yana da lanƙwasa, ko an yaga shi da sauran tsawon da za a kaɗa. Auduga ba ta da wannan rangwame, ita kuma ce muka fi samu.

26 ga Afrilu

Mun koma tantancewa da launi kafin yaga, yadda ake yi a Prato. In an haɗa launuka barkatai, abin da ke fita toka-toka ne mara kyan gani. In an ware shuɗi da shuɗi, ja da ja, zaren yana fitowa da launinsa, ba sai an kai shi rini ba, an huta da ruwa da sinadarin da rini ke ci. Kamfanin Ecocitex a ƙasar Chile ma haka yake yin zarensa. Shuɗin jins ya fi kowanne kyau, yana fita da ɗigon fari a ciki saboda zaren kwancen jins fari ne.

24 ga Mayu

Kaɗi. Tsohuwar auduga ita kaɗai ta ƙi kaɗuwa, da an ja sai ta rabu. Sai muka shiga haɗa ta da sabuwa. Kashi ɗaya na tsohuwa a cikin huɗu yana ba da zare mai kyau wanda da wuya ka bambanta shi da sabo. Rabi da rabi yana kaɗuwa in zaren mai kauri ne kuma an ƙara masa murɗi, amma yana da gashi-gashi da ƙulli nan da can. Wannan ya yi daidai da abin da masana'antu ke yi: yawancin yadin da ake cewa na audugar da aka sake sarrafawa ne, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ne kawai tsohuwa. Su ma da irin injin kaɗin da ake kira rota suke yi, don ya fi haƙuri da gajeren sili, kuma zarensa mai kauri ne, na jins da tawul.

Baba masaƙi ne ya warware mana inda muka tsaya. Ya ce zaren tsaye shi ke shan ja da gugar masaƙa, dole ya zama mai ƙarfi, amma na kwance kwanciya kawai yake yi. "Ku ba ni sabo a tsaye," in ji shi, "wannan naku ku bar shi ya zama abawa." Da aka yi haka, zaren rabi da rabi ya shiga saƙa ba tare da ya tsinke ba. Abin da ya fito yadi ne mai kauri, shuɗi mai duhu, wanda zai yi jaka ko labule ko shimfiɗar kujera. Bai kai laushin da za a ɗinka rigar sawa ba tukuna.

Na yi murna sosai, ba zan ɓoye ba. Sai dai da na koma ga littafin awo na ga ƙanƙantar abin da ya iso nan. An cire abin da zai saku, an cire gauraye, an cire layin ɗinki, wani ya tafi a ƙura, sannan abin da ya rage sai da aka tallafe shi da sabuwar auduga. Yanzu na fara fahimtar dalilin kashi ɗayan nan.

21 ga Yuni

Wandunan jins na zamani, masu talewa, sun hana injin sakat. Akwai zaren roba a cikinsu, ilasten, wanda galibi bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, amma ba ya tsinkewa, sai dai ya miƙe ya naɗe haƙoran ganga, a tsaya a kwance. Wanda ya wuce kuma yana zama ƙulli a zare. Yanzu duk wando sai an ja shi ta faɗi. In ya miƙe ya koma, kwandon gauraye. Tsofaffin jins masu tauri da ba sa talewa su ne kayanmu mafi daraja, kuma su ne suka fi ƙaranci.

19 ga Yuli

Tarin gauraye ya kai rufin ɗaki, don haka watan nan karatu na fi yi, ina neman sanin me duniya ke yi da irinsa.

Tushen matsalar a alƙaluma yake. Ƙungiyar Textile Exchange ta ce a 2023 an samar da zare tan miliyan 124 a duniya, kuma kashi 57 cikin 100 foliyesta ce. Auduga kusan kashi ɗaya cikin biyar ce kawai. Ana gauraya su tun wurin kaɗi, sili da sili a cikin zare ɗaya, don yadi ya yi araha kuma kada ya yamutse. Raba su da hannu ko da inji kamar a ce a tsince yashi ne daga simintin da aka riga aka kwaɓa. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: foliyestar da ake rubuta wa "an sake sarrafawa" a jikin riga, kusan dukkanta daga robar ruwan sha aka yi ta, ba daga tsohuwar tufa ba. Robar da za ta iya sake zama roba an mayar da ita rigar da ba za ta sake zama komai ba. Ni ban ga ci gaba a nan ba.

Sabbin hanyoyin duk na sinadarai ne. Ga auduga, ana narka selulos ɗinta a mayar da shi ɓargo, a sake fitar da sabon sili dogo irin na biskos, ta haka gajartar sili ta daina zama matsala. Kamfanin Renewcell ya gina babbar masana'anta don wannan a Sundsvall ta Suwidin, ta fara aiki a 2022 da ƙarfin tan 60,000 a shekara. A Fabrairun 2024 kamfanin ya durƙushe saboda masu saye ba su sayi abin da aka sa rai ba. Wasu masu jari, Altor, sun saye shi a watan Yunin shekarar suka sa masa suna Circulose. Fasahar ta yi aiki, kasuwa ce ta ƙi, don sabon ɓargon itace ya fi araha. Kuma ita ma masana'antar kusan tsantsar auduga take bukata.

Ga foliyesta, ana farfasa ta ne ta koma sinadarai biyun da aka haɗa ta da su tun asali, a tace, a sake haɗawa. Kamfanin Carbios na Faransa yana yin haka da wani inzayim, irin sinadarin da ƙwayoyin halitta ke narka abu da shi, wanda asalinsa a cikin takin ganye aka gano shi. A 2020 masu bincikensa suka wallafa cewa wanda suka inganta ya farfasa kashi 90 cikin 100 na robar cikin awa 10. Nailan kuwa an jima da samun hanyarsa: tun 2011 kamfanin Aquafil ke mayar da tsofaffin tarun kamun kifi da kafet sabon zare mai suna Econyl a ƙasar Sulobeniya.

Wadda ta fi dacewa da tarinmu ita ce ta cibiyar binciken yadi ta Hong Kong, HKRITA. Suna dafa gaurayen a tukunya mai matsi da ruwa da zafi da ɗan sinadari kaɗan, audugar ta koma garin selulos, silin foliyesta ya fito a ware. Kamfanin Circ a Amurka ma da ruwan zafi da matsi yake raba su. Na tambayi malaminmu ko za mu iya gwada ƙaramin irinta. Ya ce a ɗakin gwaji, da tukunyar da aka ƙera don matsi, e, amma a wurinmu kada a kuskura. Mun bar ta a hannunsa.

Abin da na fito da shi daga karatun nan: babu ko ɗaya cikin hanyoyin da ke karɓar tsumma yadda ya zo. Kowace tana son a kawo mata kaya sananne, tatacce, babu ƙarfe, babu roba mai yawa. Aikin da muke yi da almakashi da kyandir shi ne ƙofar da dukansu ke shiga ta ciki, kuma shi ne aikin da aka fi rainawa, aka fi barin matalauta da shi.

23 ga Agusta

Tunda gaurayen ba zai zama zare ba, mun nema masa wata hanya. An yaga shi, an cusa a matasan kai da na kujera, ya yi. Mun kuma gwada faifan hana zafi na rufin ɗaki: a shimfiɗa tsefaffen tsumma, a gauraya da wani silin roba mai saurin narkewa, a danne da zafi har ya kama jikinsa. Ƙungiyar Le Relais a Faransa ta daɗe tana yin irinsa da tsofaffin jins, sunansa Métisse. Dole a jiƙa shi da ruwan boras da asid ɗin boron saboda wuta da ƙwari. Wanda ba a jiƙa ba ya kama wuta nan da nan da muka gwada a fili. Wanda aka jiƙa ya yi baƙi ya mutu da kansa da aka janye harshen wutar, sai dai inda foliyesta ta yi yawa narkewa ya yi yana ɗiga, don haka ba za mu ba kowa ya sa a gida ba sai an yi masa gwaji na ƙa'ida.

Tsumman goge-goge kuwa daga auduga kawai muke yankawa. Ita ce ke shan ruwa da mai, kuma ba na son mu fitar da abin da za a riƙa wankewa yana zubar da ƙananan silin roba a magudana. Rahoton 2017 ɗin nan ya ƙiyasta irin wannan sili da ke shiga teku daga wankin tufafi a kan tan rabin miliyan duk shekara.

Faifan yana da amfani, amma tasha ce ta ƙarshe. Da zarar an manne shi da roba da boras, ba zai sake zama wani abu ba.

20 ga Satumba

A watan nan majalisar dokokin Tarayyar Turai ta amince da dokar da za ta tilasta wa masu ƙera tufafi da masu sayar da su biyan kuɗin tattarawa da tantancewa da sake sarrafa abin da suka fitar kasuwa. Faransa tun 2007 take da irin wannan doka, kuma ƙungiyar Refashion ce ke karɓar kuɗin. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa tata a 2024. Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari, domin awon da muke yi ya nuna mana cewa abin da ake samu daga zare da matashi ba zai taɓa biyan ladan hannun da ya tantance ba. In ba wanda ya ƙera kayan ne ya biya ba, to mai tsintar ne ke biya da lafiyarsa da lokacinsa.

Abu biyu nake so in gani. Na farko, kuɗin ya bambanta: mai yin yadi iri ɗaya mai sauƙin warwarewa ya biya kaɗan, mai cusa zare iri uku da roba ya biya da yawa, don a nan ne kawai zai ji a jikinsa ya sauya. Na biyu, kuɗin ya bi kayan duk inda suka je. Tufar da aka tattara a Turai sau da yawa ba a can take mutuwa ba. Tana ƙarewa a bakin tekun Akra, ko a hamadar Atakama kusa da Alto Hospicio a Chile, inda tarin gwanjon da ya shigo ta tashar Iquique ya zama tsauni. Mutanen da ke fama da shi a can su ne suka fi cancantar kuɗin, kuma su ne aka fi mantawa da su wurin rabo.

18 ga Oktoba

Yadin da Baba ya saƙa a watan Mayu ya sha wanki da shanya akai-akai tun lokacin, tare da wani na sabuwar auduga zalla don kwatantawa. Namu ya ɗan tsuke a wankin farko sannan ya tsaya. Ya yi gashi a sama fiye da ɗayan, kuma inda ake yawan gogawa ya fara sirancewa, amma bai yage ba, launin ma bai zuba ba. Na kashi ɗaya cikin huɗu kuwa har yanzu ba a bambanta shi da sabo.

Malamin sinadarai ya kawo sakamakon gwajin tukunyarsa a cikin kwalabe biyu: gari mai ruwan ƙasa a ɗaya, silin foliyesta a ɗaya, da sauran rini a jikinsa. Mai kaɗi ta ja shi ta ce yana da tsawo, zai kaɗu. Ɗan kaɗan ne, bai fi cikin tafin hannu ba, kuma wutar lantarkin da tukunyar ta sha ba a lissafa ta ba tukuna. Wannan lissafin ne zai nuna ko hanyar tana da makoma a ƙaramin wuri irin namu.

Mun tsayar da shawarar karkata ga ƙyallen maɗinka, tunda shi ne ke ba da sili mafi tsawo da ɓarna mafi ƙaranci. Mun raba wa telolin da ke ba mu kaya buhuna uku-uku masu alama, na auduga, na roba, da na wanda ba su tabbatar ba, don a ware tun a teburin yanka lokacin da telan yake tune da abin da ya yanka. Wata mai zuwa za mu gwada zare mai sirantaka daga farin ƙyalle, mu ga ko zai kai yadin riga. Haƙoran ganga sun dakushe, sai an wasa su kafin nan.